Shawara ga mai fara tsaron shago

Ƙannena matasa, duk wanda ya samu aikin tsaron shago a Gumel, Kazaure ko Bichi, kada ya karɓi makulli sai shi da maigidansa sun ƙirga kayan da ke ciki an rubuta a littafi, domin ranar lissafi wannan rubutun ne zai wanke shi. A yanke maganar albashi tun ranar farko a gaban wani babba, ko biyan wata ne ko sallama bayan shekaru, saboda kunya kan hana yaranmu tambaya. Kada ya ba da bashi, ko ga ɗan'uwansa, sai da izinin mai shago. Wanda ya ce ya turo kuɗi ta waya kuwa, a tabbatar sun shiga asusu kafin a miƙa masa kaya.