Yadda ake zama mawaƙiyar ofera mai muryar sofrano

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera zancensa da waƙa, an kuma fara shi a Italiya wajen shekarar 1600. Sofrano ita ce muryar mace mafi ɗagawa sama, kuma galibi ita ake bai wa matsayin jaruma. Babban abin da ya bambanta sana'ar da waƙar zamani shi ne rashin makirfo: muryar mace guda za ta ratsa ta saman makaɗa 60 zuwa 100, ta isa ga kujerar ƙarshe a zaure irin na Metropolitan da ke New York, mai cin mutum kusan 3,800. Saboda haka horon yakan ci shekara 10 ko fiye, kuma ga yadda ake binsa.

Da farko ki nemi malamin murya, amma kada ki ɗoki babban horo tun kina ƙarama. Yarinya za ta iya shiga ƙungiyar rera waƙa, ta koyi fiyano da karanta rubutun kiɗa, sai dai horo mai nauyi yakan jira har murya ta zauna bayan balaga. Wadda ta fara a makare ma ba ta yi asara ba, domin Pretty Yende ta Afirka ta Kudu tana da shekara 16 ta fara jin ofera, a wani tallan kamfanin jiragen sama na British Airways a talabijin. Wajen zaɓen malami ki duba ɗalibansa: idan kika ga suna fita daga darasi da dasasshiyar murya, ki nemi wani, komai sunan da ya yi.

Aiki na biyu, wanda shi ne tushen komai, shi ne numfashi. Ana koya wa ɗaliba ta ja iska har haƙarƙarinta su buɗe, sannan ta riƙa sakinta kaɗan-kaɗan da ƙarfin ciki da baya, maƙogwaro kuwa a sake, ba tare da matsi ba. Ƙarar da ke cika zaure ba ihu ba ce, amo ne da ake samu ta hanyar daidaita buɗin baki da ganɗa da harshe da kowane sauti. Shi ya sa idan sofrano ta kai can ƙololuwa kalmominta kan yi wuyar fahimta, domin tilas ta ɗan sauya wasulan kafin sautin ya fita da ƙarfi. Akwai kuma mahaɗar da murya ke sauyawa daga ta ƙirji zuwa ta kai, wadda Italiyawa ke kira passaggio, kuma goge wannan mahaɗa har mai sauraro ya kasa gane ta kan ɗauki shekaru. Atisayen minti 30 kullum cikin natsuwa ya fi na awa uku sau ɗaya a mako.

Daga nan sai makarantar kiɗa, inda ake yin digirin farko na shekara huɗu, yawanci a ƙara na biyu. Fitattu sun haɗa da Juilliard a New York, inda shahararriyar sofrano ta Amirka Leontyne Price ta yi karatu, da Curtis a Philadelphia wadda ba ta karɓar kuɗin koyarwa, da Royal Academy of Music a Landan, da sashen ofera na Jami'ar Cape Town. A nan za ki koyi wasa a dandamali da harsuna: Italiyanci da Jamusanci da Faransanci dole ne, Rashanci kuma ƙari ne mai amfani. Haddar lafazi kaɗai ba ta isa ba, domin mai rera abin da ba ta san ma'anarsa ba fuskarta ce ke tona ta.

Matakin da ya fi kowane haɗari shi ne gane ajin muryarki. Jamusawa sun tsara wannan da suna Fach. Akwai coloratura mai sauri da hawa can sama, irin wadda mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta wa matsayin Sarauniyar Dare a wata oferarsa ta 1791. Akwai lyric mai taushi da zaƙi, sai spinto mai ɗan ƙarin kauri, sannan dramatic mai ƙarfin da ayyukan mai tsara ofera Wagner ke buƙata, wadda sau da yawa ba ta nuna sai an haura shekara 30. Matsalar ita ce budurwa mai kyakkyawar murya za ta samu tayin manyan matsayi tun muryar ba ta yi ƙwari ba, ga kuɗi ga suna, kuma a nan ne sauri kan haifi nawa. Shahararriyar sofrano Maria Callas ta rera matsayi mai nauyi na Wagner da mai sauri da hawa sama na mai tsara ofera Bellini a 'yan kwanaki kaɗan a Venice a 1949, duniya ta yi mamaki, amma ta yi oferarta ta ƙarshe a 1965 tana da shekara 41, kuma har yau ana gardama kan abin da ya cinye muryar. Mirella Freni, wadda ta shahara da taka-tsantsan wajen karɓar matsayi, ta tsaya a dandamali har 2005 tana da shekara 70. A ganina, iya cewa a'a rabin sana'ar ne, kuma ba a koyar da shi a aji.

Bayan makaranta sai neman shiga. Manyan gidajen ofera suna da shirin horar da matasa, kamar Lindemann a Metropolitan, da Jette Parker a gidan ofera na Covent Garden da ke Landan, da makarantar La Scala a Milan, inda za a ba ki ƙananan matsayi, ki kuma haddace na jaruma a matsayin ko-ta-kwana. Ki tanadi waƙoƙi biyar cikin harsuna daban-daban don gwajin murya, duka daga ajinki. Gasa ma ƙofa ce: akwai Operalia da Plácido Domingo ya kafa a 1993 don matasan mawaƙa, da gasar BBC ta birnin Cardiff da aka fara a 1983. Yende ta ci Operalia a 2011, kuma a Janairun 2013 aka kira ta Metropolitan cikin gaggawa ta maye gurbin wata mawaƙiya. Ta samu damar ne domin tana a shirye.

Mai neman albashi tabbatacce takan nufi Jamus, inda akwai gidajen ofera kusan 80 da ke ɗaukar mawaƙa aikin dindindin na shekara-shekara. Wadda ta zaɓi zaman kanta kuwa za ta buƙaci wakili mai nemo mata kwangila, yana cire lada daga kuɗinta, kuma galibi ana biyanta ne bisa kowane daren da ta hau dandamali. Idan mura ta kama ta a ranar, kuɗin ya tafi, ko da ta shafe makonni tana atisaye a garin da ita ke biyan masauki. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru ke yawaita shan ruwa, suke guje wa hayaƙi da cin abinci dab da barci saboda ƙwannafi na ƙona maƙogwaro, suke rage magana a jajibirin wasa, kuma kowace na da likitan maƙogwaro da take zuwa ya duba ta da kyamara da zarar dashewar murya ta ƙi wucewa.