Yadda za ka gane wane inji ne a cikin Hilux ɗinka

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, bara ne wani ƙanena ya sayi Hilux ta hannu, mai motar ya rantse masa cewa mai inji lita 3.0 ce, ga ma rubutun a manne a jikinta ɓaro-ɓaro. Bayan wata biyu inji ya fara hayaƙi, ya je ya sayo ringi da gasket na 3.0, bakanike na buɗewa ya ce masa "yallaɓai wannan ai 2.5 ce". Kayan ba su shiga ba, mai shago kuma ya ce an yage leda ba ya karɓa. To wannan rubutun na jikin bodi ka manta da shi kawai, kowa zai iya saya ya manna.

Fara da farantin kamfani. Wani ɗan ƙarfe ne ko sitika, a wasu yana jikin ginshiƙin ƙofa idan ka buɗe ƙofar gaba, a tsofaffi kuma yana cikin bonet can jikin bangon da ke bayan inji. Za ka ga layin MODEL da layin ENGINE. Layin ENGINE ɗin shi ne amsar kai tsaye, amma sau da yawa ya goge ko mai fenti ya bi ta kansa, shi ya sa yana da kyau ka iya karanta MODEL ɗin ma, haruffa ukun farko su ne ke tona asirin inji. Idan ka ga TGN to fetur ce, yawanci 2TR-FE mai lita 2.7, wadda ita ce ta fi yawa a hannun ma'aikatu da kamfanoni a nan Najeriya. KUN na nufin gas mai turbo, dangin KD. LAN kuma 5L-E ne, lita 3.0 na gas wanda ba shi da turbo, ba ya gudu amma akwai juriya kamar jaki. GGN shi ne V6 na fetur, 1GR-FE lita 4.0, mashayin mai. GUN kuwa sababbin injinan gas ne da suka fara fitowa a 2015.

Lambobin da ke bin haruffan ma suna magana. KUN25 tana ɗauke da 2KD-FTV mai 2.5, KUN26 kuma 1KD-FTV mai 3.0, lamba ɗaya ce tsakaninsu amma kuɗin kayan gyaransu da ƙarfinsu ba ɗaya ba. Haka GUN125 tana da 2GD mai 2.4, GUN126 tana da 1GD mai 2.8. Masu tsofaffin a-kori-kura da ake jigilar hatsi da su kasuwannin ƙauye kuwa yawanci haruffa biyu za su gani, LN na gas ne dangin 2L, 3L da 5L, RN kuma su 22R ne na fetur.

Sai dai fa farantin nan abin da kamfani ya saka ranar da motar ta fito kawai yake gaya maka. Mu kuma ka san halinmu, inji ya buga a je a ɗauko na tokumbo a ɗora, wani ma ya cire na gas gaba ɗaya ya mayar da fetur saboda tsadar gas, ba wanda zai je ya canza faranti ko takarda. Don haka dole ka duba jikin injin kansa. Akwai wani ɗan wuri shafaffe a jikin bulok, wato gangar jikin injin, ƙasa da kan inji, inda aka buga lamba da ƙarfe, farkonta sunan injin ne kamar 2TR ko 1KD ko 5L sannan sauran lambobi su biyo. Ba za ka gan shi da sauƙi ba wallahi, baƙin mai da ƙura sun daɗe da rufe shi, ka bari inji ya huce tukuna, ka sami tsumma da ɗan fetur da tsohon buroshin goge baki ka wanke wurin, sannan ka zura waya da tocila ka ɗauki hoto, ya fi ka tsaya kana leƙe kana ƙona hannu. Idan ka haska ta gefe lambobin sun fi fitowa fiye da ka haska kai tsaye. In kuwa ka tarar an goge wurin da giranda ko lambobin sun karkace kamar da hannu aka buga, ni dai shawarata ka bar motar nan ko nawa aka rage maka.

Da ido ma ana rage hanya. Ka ga koyil huɗu a jere a saman inji da rubutun VVT-i, fetur ce. Ka ga bututan ƙarfe sirara suna tafiya zuwa nozul, gas ce, in akwai D-4D a murfi to KD ne ko GD, in babu turbo sam to 5L-E ne, ko su 2L, 3L da 5L in tsohuwar mota ce. Kunna makulli kafin ka tayar, idan wata 'yar fitila mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta kama ta mutu, ta hita ce, motar gas kenan. Amma tsakanin 1KD da 2KD ido ba zai raba maka gardama ba, kamar Hassan da Hussaini suke, lambar bulok ce kawai.

Kar ka ɗauka wannan duk don cika baki ne a majalisa. KD da 5L-E bel suke amfani da shi na tayimin, kuma in ya tsinke kana tafiya bawul sun tafi, 2TR da GD kuwa sarƙa ce. Wanda bai san injinsa ba ko dai ya yi ta neman bel ɗin da babu, ko ya bar wanda ke akwai har ya tsinke masa a hanyar Birnin Gwari. Ranar da za ka shiga Kofar Ruwa ko Panteka sayen kaya, ka tafi da hoton faranti da hoton lambar bulok a wayarka, in sun saɓa wa juna ka sayi kayan inji da lambar bulok, kayan ƙafa da na bodi kuma da lambar faranti.