Babi na 7: Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri

Kayan da za a zo da su aji: littafin rubutu sabo, jan biro, da kalandar bana mai manyan lambobi. Wanda bai ƙware a karatu ba tukuna ya zauna kusa da wanda ya ƙware.

Darasi na 1: Yaushe ake zuwa asibiti?

Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Likitoci ba sa cewa akwai matsala sai mata da miji sun cika wata 12 suna haɗa shimfiɗa, ba tare da maganin tazarar haihuwa ba, ciki kuma bai shiga ba. Watannin zaman tare ake nufi. Idan maigida ya tafi ci-rani Legas ya yi wata bakwai, waɗannan bakwai ɗin ba sa cikin lissafi.

Matar da ta kai shekara 35 wata 6 kawai za ta jira, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru. Akwai kuma waɗanda ba za su jira ba sam: wadda al'adarta ke tsallake watanni, wadda ciwon mara ke kwantar da ita duk wata, wadda nononta ke fitar da ruwa alhali ba shayarwa take yi ba, wadda ta yi ɓari sau biyu ko fiye, da namijin da ya taɓa yin hangum bayan ya balaga har marainansa suka kumbura. Wadda ta haifi ɗaya ko biyu sannan abin ya tsaya, ita ma wannan babin nata ne.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da wannan jinkiri a rayuwarsa. To, Malama, ba ke kaɗai ba ce. Kuma a wannan aji ba mu kiran kowa juya.

Darasi na 2: Rana ta ɗaya

A nan aka fi tuntuɓe, saboda haka a nan za mu daɗe. Tambayar farko da likita zai yi miki ita ce: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Mata da yawa sai su faɗi ranar da suka yi wankan tsarki. Ba ita ake tambaya ba.

Rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya FARA zuwa. Ranar da kika ajiye sallah, ba ranar da kika koma sallah ba.

A maimaita da ƙarfi: ranar da jini ya fara, ita ce rana ta 1.

Idan ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa ne ya riga zuwa, ki sa masa ƙaramin ɗigo a kalanda. A lissafin likita rana ta 1 ita ce ranar da jan jini ya zubo sosai har kika sa ƙunzugu.

Ɗauki jan biro. A ce jini ya zo miki ran 3 ga Maris. Nemo lamba 3 a shafin Maris, ki zagaye ta. A ƙarƙashinta rubuta 1. A ƙarƙashin 4 ga Maris rubuta 2. A ƙarƙashin 5 ga Maris rubuta 3. Ci gaba haka kullum, ko da jini ya ɗauke. Kada ki tsaya ranar wanka, kada kuma ki sake farawa daga 1 ranar wanka. Sai ranar da wani sabon jinin ya zo za ki sake zagayewa ki rubuta 1. Idan ya zo ran 31 ga Maris, lambar ƙarshe da kika rubuta a ƙarƙashin 30 ga Maris ita ce 28. Wato zagayen al'adarki kwana 28 ne. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne.

Me ya sa muke ta nanata wannan? Mace tana sakin ƙwai ɗaya a wata, kimanin kwana 14 kafin jini na gaba. Ƙwan nan ba ya wuce kwana ɗaya da rai. Maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikin mace yana jira. Ke nan kwanakin da ciki ke iya shiga shida ne kacal: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa.

Ga lissafin: tsawon zagayenki, a cire 14. Mai kwana 28 ta cire 14, saura 14. Ƙwanta zai fita wajen rana ta 14, wato 16 ga Maris. Kwanakinta masu kyau su ne 11 zuwa 16 ga Maris. Mai kwana 32 ta cire 14, saura 18, nata sai rana ta 18. Kada ki ari lissafin maƙwabciyarki.

Yanzu dubi abin da kuskure ke jawowa. Matar nan ta yi kwana shida tana jini, sai ta soma ƙirga daga 9 ga Maris bayan ta yi wanka. Rana ta 14 a wurinta ta faɗa 22 ga Maris. Ƙwai ya fita tun ran 16, ya mutu ran 17. Haka za ta yi ta yi wata da watanni tana cewa lissafin asibiti ƙarya ne. Lissafin lafiyarsa ƙalau, wurin farawa ne aka kuskure.

Wace ce rana ta ɗaya? Ranar da jini ya fara. Madalla. Wadda ta rikice kada ta ji kunya, ta goge ta sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Jiki ma yana ba da alama. Dab da fitar ƙwai za ki ga wani farin ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, idan kika ja shi tsakanin yatsu biyu yana miƙewa bai tsinke ba. Ba sanyi ba ne, kada ki nemi maganinsa. Ranar da kika gan shi ki rubuta Y a kalanda.

Wadda lissafi ya gagare ta, a riƙa saduwa duk bayan kwana biyu ko uku daga ɗaukewar jini, za a dace da kwanakin. A gidan da ake rabon kwana tsakanin mata uku ko huɗu, girkinki yana iya kauce wa kwanakin nan wata bayan wata. A zauna da maigida da abokan zama a nemi musayar kwana cikin yarda da mutunci.

Aikin gida: ki cika kalanda ta wata uku, ki kwafe ranakun farko guda uku a littafinki. Ranakun da jini ya fara, ba ranakun wanka ba.

Darasi na 3: Maigida, da kai ake

Sau da yawa matsalar daga namiji take, ko daga su biyun. Ƙarfi a shimfiɗa daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Mutum yana iya fitar da maniyyi mai kauri alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, ido ba ya ganewa sai da madubin likita. "Ai ina da 'ya'ya da uwargida" ba hujja ba ce, domin ciwon sanyi, ciwon suga ko kumburin jijiyoyin maraina suna iya samun mutum daga baya.

Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha, babu allura babu zafi. Ga yadda ake yi. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kada ya gaza, kada ya wuce. Karɓi ƙaramar roba mai murfi daga ɗakin gwaji, ba kwalbar magani ta gida ba. Wanke hannu ka bushe. Kada ka sa sabulu, mai ko yawu, kada kuma ka tara a kwaroron roba, duk suna kashe ƙwayoyin. Duka za a zuba, musamman tunkuɗar farko, don a nan ƙwayoyi suka fi yawa. Idan wani ya zube a ƙasa ka faɗa wa mai gwaji. In a gida aka tara, sa robar a aljihun da ke manne da jiki, a kai cikin awa ɗaya. Ban da firji, ban da ajiyewa a rana kan babur.

A takardar sakamako ana son a ga aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kuma aƙalla 42 cikin 100 suna motsi. Idan ya gaza kada ka karaya. Jiki na ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi kaɗai ya isa ya rage su na ɗan lokaci. Shi ya sa ake maimaitawa bayan wata uku. Kafin nan a bar taba, a bar tiramadol, a kuma nisanci allurar testosterone da ake yi don ƙarin ƙarfi, ita kanta tana tsayar da ƙera ƙwayoyi.

Bari mu faɗi gaskiya. Abin kunya ne a bar baiwar Allah shekara biyar tana shan jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji, ana ta yi mata hoto da allura, maigida kuwa ya ƙi bayar da awa ɗaya, ƙarshe ma ya ƙaro aure. Ƙarin aure ba gwaji ba ne. Kuma ba a aike a wannan lamari, zuwa da kai ya fi saƙo.

Darasi na 4: Gwaje-gwajen mace

A fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa, a yanki kati, a ce ana son ganin likitan mata. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, irin su Malam Aminu Kano a Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. A je da littafin nan, da duk tsofaffin takardu, da kwalin duk maganin da aka taɓa sha.

Kusan kowane gwaji yana da ranarsa. Gwajin jini na farko ana ɗiba tsakanin rana ta 2 da ta 5. Wanda ke nuna ko ƙwai ya fita ana yin sa kwana 7 kafin jini na gaba, wato rana ta 21 ga mai kwana 28. Hoton hanyoyin ƙwai, wanda za ki ga an rubuta HSG a takarda, ana yin sa bayan jini ya ɗauke, wajen rana ta 7 zuwa ta 10. Ana tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce. Yana murɗa mara kamar ciwon al'ada, ki je da ƙunzugu da 'yar rakiya, kuma kada a sadu daga zuwan jini har a gama hoton.

Kin ga duk ranakun nan daga ina ake ƙirga su? Daga ranar da jini ya fara. Wadda ta ƙirga daga wanka ta biya kuɗin gwaji a banza. Mun faɗa, mun sake faɗa, amma duk zango sai an samu mai zuwa da ranar wanka. Don Allah a kiyaye.

Abin da ya fi toshe hanyoyin ƙwai shi ne ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, da cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari. Idan aka ba da maganin sanyi, mata da miji da kishiyoyi duk za su sha, a kuma shanye. Sikanin kuma yana nuna ƙari a mahaifa da ƙananan ƙuraje a ma'ajiyar ƙwai.

Darasi na 5: Magani

Wadda ba ta sakin ƙwai ana ba ta Clomid ko Letrozole, kwana biyar a jere a farkon zagaye, galibi daga rana ta 2. Kun san dai daga inda ake ƙirgawa. Ba a wuce zagaye shida ana shan Clomid, kuma ba ya buɗe hanyar da ta toshe, ba ya gyara maniyyi. Kada a saya a kemis don wance ta sha ta haifi tagwaye.

Mace ta riƙa shan Folic acid, wani nau'in bitamin, ƙwaya ɗaya kullum tun kafin ciki ya shiga. Mai ƙiba sosai ta rage. A daina cusa matsi da haɗe-haɗe a gaba. Wankin mahaifa ba maganin haihuwa ba ne, yawan yin sa yana sa bangon mahaifa ya manne. Duk wanda ya ce ciki ya kwanta shekara biyu kuma sikanin ba zai gan shi ba, kuɗinku yake so.

Idan al'ada ta makara, sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko ɗigon jini, a tafi asibiti a daren. Yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

Darasi na 6: Dashen ciki

Idan hanyoyi biyun sun toshe ko ƙwayoyin namiji sun yi ƙaranci ƙwarai, akwai IVF. Ana ciro ƙwan matar, a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifa. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a 1978. Ana yi a Asibitin Ƙasa na Abuja da wasu masu zaman kansu. Akwai tsada sosai, kuma ba kullum ake dacewa a karon farko ba. Malaman Musulunci da yawa sun halatta shi matuƙar ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, aure kuma yana nan. A nemi jimillar kuɗin a rubuce kafin a fara.

Tambayoyi: Jini ya zo ran 5 ga Afrilu, an yi wanka ran 11, wani jinin ya zo ran 7 ga Mayu. Wace ce rana ta 1? Zagayen kwana nawa ne? A rubuta amsa a littafi a kawo mako mai zuwa.