Yadda Za Ki Rage Kaushin Fuska da Manyan Ramukan Fata Ba Tare da Kin Ƙona Fuskarki Ba

Tun kafin ki kashe ko sisi, ki san cewa ramukan nan da kike gani a hanci da kumatu da goshi ba cuta ba ce, kuma babu man da zai shafe su su ɓace. Kowane rami ƙofar wani siririn gashi ce, a gindinsa kuma akwai 'yar jakar da ke fitar da maiƙo don fata ta yi laushi. Ba su da tsokar da za ta buɗe su ko ta rufe su. Saboda haka turara fuska da ruwan zafi ba ya buɗe su, ƙanƙara kuma ba ta rufe su, iyakarta ta sa fata ta ɗan tsuke na 'yan mintoci. Girmansu galibi gado ne. Amma abu uku kan sa su ƙara fitowa fili: yawan maiƙo, cushewar matacciyar fata a cikinsu, da sakin da fata ke yi idan shekaru sun ja ko rana ta daɗe tana dukanta. Waɗannan ukun ake iya yi wa aiki, kuma su ne, tare da bushewa, ke kawo kaushin da kike ji idan kin shafa fuskarki.

Mataki na farko: ki gane abin da ke damun fuskar

Ki wanke fuska, ki bar ta awa guda ba ki shafa komai ba, sannan ki ɗauki madubi ki tsaya inda hasken rana yake. Idan hanci da goshi sun fara ƙyalli, kina da maiƙo. Idan fatar ta ɗaure ta yi furu-furu, bushewa ce. Mutane da yawa suna da duka biyun: tsakiyar fuska maiƙo, kumatu a bushe.

Sai ki duba irin kaushin. Akwai ƙananan ƙuraje da ba sa ciwo, ba sa nuna, suna nan kwance a ƙarƙashin fata. Ramuka ne da suka toshe. Akwai baƙaƙen ɗigo a kan hanci, waɗanda ake ɗauka dauɗa ce alhali maiƙo ne da ya yi baƙi don iska ta taɓa shi, shi ya sa duk dirzar duniya ba ta raba ki da su. Akwai kuma lotsawar da tsofaffin ƙuraje ko ƙarambau suka bari. Wannan ta ƙarshe tabo ce, ba rami ba, kuma man shafawa ba ya cike ta. Maganarta na zuwa can gaba.

Mataki na biyu: ki ajiye abin da ke ɓata fatar

Nan ne yawancin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi ƙin jin magana. Soso a fuska, gishiri ko sukari da ake dirzawa, lemun tsami, man goge baki a kan ƙurji, duk ki bari. Fata irin tamu tana da wata ɗabi'a: duk inda aka ji mata ciwo ko aka fusata ta, sai ta mayar da martani da baƙin tabo, tabon kuma yakan yi watanni bai tafi ba. Lemun tsami ma ya fi muni, domin idan ruwansa na kan fata kika shiga rana yana iya ƙona wurin har ya yi bororo. Garin neman gira sai a rasa ido.

Sai man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a robobi marasa suna, a kasuwa ko a Instagram da TikTok, ana cewa "na gargajiya ne zalla". Ki juya kwali ko bututun duk man da kike shafawa ki karanta. Idan kin ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, maganin asibiti ne mai ƙarfi da ake bayarwa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata, ba man kwalliya ba. A makonnin farko yana sa fuska ta yi fes, daga baya fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙananan ƙuraje su feso a ko'ina. Idan kuma hydroquinone ne, wani sinadari mai haska fata, aka daɗe ana shafawa ba bisa umarnin likita ba, yana iya jawo wani baƙi mai duhu a kan ƙashin kumatu haɗe da gudaji-gudaji, wanda warkar da shi ke da matuƙar wuya. Wasu man ma har da sinadarin makuri a ciki, mai lahani ga ƙoda. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a shekarar 2023.

Idan kin yi watanni kina shafa irin waɗannan, kada ki yanke rana ɗaya ke kaɗai. Fuskar takan yi bore, ta yi ja, ta yi raɗaɗi, har ki ga gara ki koma. Likitan fata ne zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Mataki na uku: wanki

Sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da ruwa mai ɗumi kaɗan da tafin hannunki. Ki nemi sabulun ruwa na fuska marar ƙamshi mai ƙarfi, ki murza a hankali kamar minti ɗaya, ki ɗauraye, ki dangwala tawul mai tsabta ba tare da gogewa ba. Sabulun salo yana cire maiƙo sosai, amma yana da kaifi saboda tokar da ake yin sa da ita. Mai maiƙo za ta iya amfani da shi jefi-jefi, mai busasshiyar fata kuwa ta bar shi wa jiki. Alamar sabulu ya yi miki ƙarfi ita ce ki ji fuska ta ɗaure tamau bayan wanki. Wasu na ɗaukar wannan ɗaurewar a matsayin tsabta, ba ita ba ce.

Alwala ba ta shiga wannan lissafi, tunda ruwa ne zalla. Sai dai tana wanke abin da kika shafa, don haka a lokacin hunturu ki ajiye ɗan mai kusa, ki mayar bayan kin idar da salla.

Mataki na huɗu: mai da kariyar rana

Mai maiƙo ma tana buƙatar mai, marar nauyi dai. Fatar da ta bushe ƙwarai takan yi kaushi, ramuka su ƙara bayyana. Ki nemi wanda ke da gilisarin a ciki, ki shafa tun fuskar na da ɗan danshi. Man kaɗanya kaɗan yana taimaka wa busasshiyar fata lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, amma man kwakwa yana toshe wa mutane da yawa ramuka, gara a bar shi wa jiki da gashi. Ki lura da man kitso ma: idan ƙurajenki sun taru a goshi da gefen kunne, sau da yawa shi ne ke gangarowa idan an yi gumi.

Da safe, bayan mai, sai man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama. Na san ana cewa baƙar fata ba ta buƙatarsa. Gaskiya ne ba ma ƙonewa da sauri kamar Turawa, amma rana tana cinye sinadarin kolajin da ke riƙe fata ta tsaya daram, idan ya ragu kuma bakin ramuka sai ya saki, kamar bakin aljihun da ya tsufa. Rana ce kuma ke ƙara wa tabo duhu. Hijabi yana rufe kai da wuya, fuskar tana nan a waje. Ki matsa man a tsawon yatsu biyu, wannan shi ne awon fuska da wuya. Wasu nau'o'in suna barin fari-fari a fatarmu kamar an shafa toka; ba dole sai su ba, akwai waɗanda ke nutsewa ba sa nunawa.

Ki yi mako biyu zuwa uku a kan waɗannan kaɗai, wanki da mai da kariyar rana, kafin ki ƙara komai. Wasu a nan ma kaushin ke raguwa.

Mataki na biyar: abin da ke shiga cikin ramin

Yanzu ne za ki kawo mai aikin gaske, kuma ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne salisilik asid, a jikin kwalba za ki ga salicylic acid, mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Fifikonsa shi ne yana narkewa a cikin maiƙo, don haka yana iya kutsawa cikin ramin ya sassauta abin da ya cushe. Ki fara gwada shi a gefen muƙamuƙi kwana biyu ko uku. Idan babu ƙaiƙayi ko kumburi, ki riƙa shafawa dare biyu a mako, daga baya ki kai uku. Mai busasshiyar fata da ba ta da toshewa sosai, laktik asid ya fi mata sauƙi.

Niyasinamaid, wato niacinamide a rubuce, wani nau'in bitamin B3 ne da ke rage maiƙo da dusashe tabo. Kashi 4 ko 5 ya wadatar, masu kashi 10 sun fi saurin sa fuska raɗaɗi.

Wanda ya fi duka tasiri a kan kaushi shi ne dangin bitamin A: retinol da ake samu a kayan kwalliya, adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 da ake samu a kemis da sunan adapalene, sai tiretinoyin wanda likita ke rubutawa. Suna hanzarta sabunta fata, suna hana ramuka toshewa, idan an daɗe kuma suna ƙara kolajin. Da dare kawai ake shafa su, a kan busasshiyar fuska, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska gaba ɗaya, a kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da leɓe, a bi da mai. Ki fara da dare biyu a mako, kuma kada ki haɗa shi da salisilik a dare ɗaya. A makonnin farko fuska kan ɗan saɓe, wani lokaci ƙuraje su ƙaru kafin su lafa. Idan abin ya kai ga zogi ko fata ta tsage, ki huta mako guda ki dawo da ƙasa da yadda kika fara.

Mai juna biyu, ko wadda ke neman haihuwa, ba ta taɓa dangin bitamin A ko kaɗan, saboda haɗarinsu ga ɗan tayi. Ita sai ta tambayi likita game da azelayik asid. Mai shayarwa ma ta tambaya tukuna.

Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, idan shekaru sun ja ma ta fi haka. Don haka kada ki yanke wa wani mai hukunci kafin mako 8 zuwa 12. Ki ɗauki hoto ranar da kika fara, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki sake bayan kowane wata, domin ido da ke kallon madubi kullum ba ya ganin canji.

Ƙananan abubuwan da ke mayar da aiki baya

Matsar ƙurji da farce yana yaga bangon ramin, ya bar tabo ko lotsawa. Kwana da hoda a fuska yana toshe ramuka. Rigar matashin kai, da hijabi ko niƙabin da ke gogar fuska cikin zafin bazara, su riƙa ganin wanki akai-akai, haka soson hoda.

Amare kuma, dilka da kurkum da halawa an san su a gyaran jiki, amma fatar fuska ba ta jure dirzar da ƙafa da hannu ke jurewa. Idan kina shafa retinol ko adafalin, kada a sa miki halawa a fuska, tana iya ɗaye fatar. Kuma kada ki gwada sabon mai saura mako biyu biki. Wata uku kafin ranar ya kamata ki fara.

Maza masu fama da gudajin aski a haɓa da wuya, naku daban ne: gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Ku daina aski ƙwal da reza, ku rage da inji a bar ɗan tsawo, a bi yadda gashin ya kwanta.

Lokacin zuwa asibiti

Idan kin yi wata uku kina bin wannan ba canji, ko ƙurajen manya ne masu ciwo da mugunya, ko masu ƙaiƙayi ne iri ɗaya da suka cika goshi, ko kuma tabon da ya lotsa ne ke damunki, to aikin ya wuce na gida. Haka idan ƙurajen sun zo tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, domin wannan na iya zama daga sinadaran jiki. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da likitocin fata. Ga tabon da ya lotsa akwai tsattsaga fata da ƙananan allurai don ta sake gina kanta, akwai saɓe ta da sinadari, akwai na'urar leza. Duka ukun suna iya barin baƙin tabo a fatarmu idan hannun da bai ƙware ba ya yi, don haka ba aikin shagon kwalliya ba ne. Ranar da za ki je, ki zuba duk man da sabulun da kike amfani da su a jaka ki tafi da su, har da na robar nan marar suna, likita ya gani da idonsa.