"Baddie" iri biyu ce a Ingila

Wanda ya sauka Ingila da Turancin makaranta zai tarar kalmar "baddie" tana da fuska biyu, kuma gara ya bambance su tun da wuri. A bakin dattawa da ƙananan yara, baddie shi ne mugun cikin labari, wanda muke ce wa bos a finafinan Indiya, jarumin kuwa "goodie". Idan ɗanka ya dawo daga firamare yana murna wai shi ne baddie a wasan ajinsu, kar hankalinka ya tashi, rawar mugu kawai aka ba shi. Lokacin Kirsimeti ma ana yin wasan kwaikwayon da suke kira panto, inda 'yan kallo, yara da manya, ke yi wa mugun ihu duk sanda ya fito.

Ɗaya ma'anar daga baƙaƙen fatar Amurka ta samo asali. A wurinsu "bad" ta daɗe da zama yabo, shi ya sa Michael Jackson ya raɗa wa kundin waƙoƙinsa na 1987 wannan suna. Daga baya Instagram da TikTok suka yaɗa ta duniya: baddie ita ce mace mai kyau, mai iya kwalliya, mai ji da kanta, wadda ba ta jiran kowa ya yaba mata. Ba baƙon abu ba ne a gare mu. Budurwa kan dubi ƙawarta ta caɓa ado ta ce "shegiya, kin haɗu!" a yi dariya, amma bari baƙon namiji ya faɗa a ga yadda za a kwashe.

To haka abin yake a can. 'Yan mata na faɗa wa junansu, mace na faɗa wa kanta. Kai ɗan'uwa, ka fahimce ta, amma kar ta fito daga bakinka zuwa ga abokiyar aiki ko 'yar ajinku. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta maganar da ta shafi jikin mutum ko sha'awa a wurin aiki idan ba ya so, kuma tun 26 ga Oktoba, 2024 wajibi ne masu ɗaukar ma'aikata su ɗauki matakan hana hakan. "Wasa nake yi" ba ya wanke mutum, domin ana la'akari da yadda ita ta ji. Ga mai bizar aiki, rasa aikin na iya taɓa izinin zamansa.

Haka "fit" da "peng" na samarin Landan, duk yabon sura ne, a bar musu kayansu. "Wicked" da "sick" kuwa ba su da illa. In aka ce shinkafar da kika dafa "sick" ce, ta yi daɗi ke nan, ki ƙara masa.