Yadda wakilin jama'a zai rubuta wa injiniyan ma'adinai wasiƙar da za a amsa

A Ghana, asambiliman ko ɗan majalisa ko sarkin zangon da jama'arsa ke zaune kusa da wurin fasa dutse irin na Buoho a bayan Kumasi, ko kusa da mahaƙar zinare ta Obuasi, ba ya rasa kuka: bango ya tsage, rijiya ta canza launi, ƙura ta hana mata shanya. Abin takaici, yawancin wasiƙun da ake aikawa a fayil suke kwana, domin an cika su da fushi, babu tambayar da injiniya zai iya amsawa. Shi da awo yake magana.

Saboda haka, Honarabul, kafin ka ɗauki biro ka tara shaida. Kowane gidan da ya tsage a rubuta adireshinsa na GhanaPostGPS. A ja layi da fensir a bakin tsagar sama da ƙasa, a rubuta kwanan wata a jikin bangon, a ɗora rula a ɗauki hoto, a sake bayan mako biyu. Idan tsagar ta wuce layin, to tana ƙaruwa ke nan. A sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta rana da ƙarfe nawa aka tashi nakiya a cikin littafi. Wannan littafin shi ne ƙashin bayan wasiƙar, don kamfani ma yana da nasa, kuma da shi za a gwada.

Maganar ruwa kuwa, kada a ɗiba a tsohuwar robar lemo. A karɓo kwalba daga ɗakin gwajin, a mayar a ranar. A yankin Obuasi a nemi gwajin gubar asenik, inda ake galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, a ƙara da gubar makyuri.

Wasiƙar kanta shafi ɗaya ya isa, matsala ɗaya tak. A aika ta hannun manajan mahaƙar, a ambaci injiniyan a ƙasa, domin wataƙila ba shi da ikon amsawa a rubuce ba da izinin manaja ba. Tambayoyi uku ko huɗu, masu lamba: nawa na'urarku ta auna girgizar ƙasa ranar kaza? A ina aka kafa ta, mita nawa daga gidan farko? Dokar nakiya ta 2012, wato L.I. 2177, ta tsayar da girgiza a milimita 2 cikin daƙiƙa, ƙarar iska kuma desibel 117. Ka ambace su, ka nemi awo a gaban wakilanka, ka kuma sa wa'adin amsa.

Kada ka cusa neman aikin samari ko kuɗin diyya. Diyya tana da hanyarta a sashe na 73 da 74 na dokar ma'adinai ta 2006, kuma da zarar ta shigo wasiƙar ta koma teburin lauya. Takardar jam'iyya ma ka ajiye ta, ka yi amfani da ta ofis.

Aika kwafi ga sashen sufetoci na Hukumar Ma'adinai, da hukumar kare muhalli, wato EPA, da shugaban gunduma. Mai kai wasiƙar ya tsaya sai an buga hatimin karɓa a kwafinka. Idan wa'adin da ka ba kamfanin ya cika shiru, nemi rahoton awon daga hukumomin ta dokar samun bayanai ta 2019, wadda ta ba su kwana 14 su yanke shawara.