Zaman Tattara Hankali: Inda Masu Farawa Suka Fi Kuskurewa

Da yawa daga masu fara zaman natsuwa (wato a zauna shiru a tattara hankali kan abu ɗaya, kamar numfashi) don shawo kan tunani da ɓacin rai ba sa daɗewa suke ajiye shi, su ce abin bai karɓe su ba. Yawanci hanyar ce aka kuskure.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa sai an share zuciya tas, ba tunanin komai. Wannan ba ya yiwuwa, ƙoƙarinsa ma ƙara dagula lissafi yake yi. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya gwada haka a Amurka: ya ce wa mutane kada su tuna da farar dabbar beyar, kuma su kaɗa ƙararrawa duk sanda ta faɗo musu a rai. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sakar musu mara daga baya, tunanin ya dawo musu fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalili shi ne, hankali yana ta leƙawa ya ga ko abin da aka hana ya dawo, leƙen nan kuwa shi ke jawo shi.

Ga gyaran. Ka riƙa ƙirga numfashi duk lokacin da ka sauke shi, daga 1 zuwa 10, sannan ka sake daga farko. Idan ka farga kana can kana lissafin kuɗin makarantar yara ko bashin mai shago, ka koma 1 ba tare da tsangwamar kanka ba. Farga ɗin nan da komawar su ne ainihin aikin. Wanda ya ɓata ƙirga sau 20 ya dawo sau 20, ya yi zamansa daidai.

Sai numfashin kansa. Wasu kan ja iska da ƙarfi, a jere, wai numfashi mai zurfi. Hakan na rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su fara tsikari, mutum ya tsorata. Ka shaƙa ta hanci na daƙiƙa 4, ka sauke a hankali na daƙiƙa 6, wato numfashi 6 ke nan a minti. Ɗora tafi a kan cibiya: ciki ne ya kamata ya riƙa tasowa, ba kafaɗu ba.

Zaƙewa ma tana kayar da mutane. Shirin koyar da zaman natsuwa da masanin kimiyya Jon Kabat-Zinn ya kafa a Jami'ar Massachusetts a 1979 na mako 8 ne, ana zama kusan minti 45 kullum, amma da malami a kai. Mai koyo shi kaɗai ya fara da minti 5, ya ƙara 2 ko 3 duk mako. Bayan sallar asuba ya fi daɗi. Bayan tuwon dare ko da tsakar rana gyangyaɗi kawai za a yi. A zauna kan tabarma da matashi a ƙarƙashi yadda gwiwa za ta yi ƙasa da kwankwaso, ko a kan kujera idan ƙafa na sagewa. Waya kuma a saita mata ƙararrawa, a kife ta.

Wurin fushi da fargaba ne aka fi ruɗewa. Mutum ya rufe ido da sunan natsuwa, alhali maimaita rigimar jiya yake yi: ta ce, na ce, da na sani da na ce. Wannan saƙe-saƙe ne, kuma yana hura wutar. Ka bar labarin, ka nemo abin a jiki. Ƙirji ne ya yi zafi? Haƙora ne a cije? Ciki ne ya ƙulle? Sai ka kira shi da sunansa a zuci, kalma ɗaya: fushi ne, tsoro ne. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Matthew Lieberman na 2007 da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa ambaton sunan yanayi yana rage motsin sashen da ke tayar da tsoro. Sai dai wanda ke jiran sai ransa ya ɓaci kafin ya zauna ba zai ga amfani ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma waɗanda rufe ido ke yi wa illa. Wanda ya tsira daga hari, garkuwa ko mummunan haɗarin mota, shiru na iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya kafa shi kan wani abu a ɗaki, ya mai da hankali kan tafin ƙafarsa da ke taɓa ƙasa maimakon numfashi. Idan bugun zuciya ya tsananta, ya tashi ya taka. Mai shan maganin ciwon damuwa kada ya ajiye shi don ya fara zama. Idan rashin barci ko baƙin ciki ya wuce mako 2, ko tunanin cutar da kai ya shigo, a ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri.